Alawar Faj Mai Ɗanɗanon Botasikoc: Me Ya Sa Take Ƙin Daskarewa Ko Ta Yi Yashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni a Jos nake zaune. Sau uku ke nan ina gwada alawar nan ta Turawa da ake kira faj, mai ɗanɗanon botasikoc. Ta farko ta ƙi daskarewa, da cokali yara suka shanye ta. Ta biyu ta daskare, amma kamar ana tauna yashi. A ta uku na ari ma'aunin zafi, na kai ta digiri 116 kamar yadda na ga an rubuta, sai ta yi tauri tana marmashewa. Alhali tuwon madara yana yi min kyau. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ji daɗin yadda kika faɗa min abin da ya faru a kowane gwaji, domin da cewa kawai kika yi "ba ta yi kyau ba", da sai na yi ta lalube. Matsalolin nan uku kowacce da dalilinta, kuma babu wadda ta shafi ingancin kayan da kika saya. Duk a wuta ne da lokacin da kika sa hannu.

Bari in fara da tuwon madarar da kika ambata, don shi ne ya ruɗe ki. A tuwon madara kina dafa sukari da ruwa har ya fara danƙo, sannan ki zuba madarar gari ki tuƙa. Madarar garin nan ita ke tsotse ragowar ruwan, shi ya sa ko kin ɗan yi kuskure a dahuwar sukarin, sai ki ƙara madara ya haɗe. Faj ba ta da wannan rangwamen. Babu wani gari da za a zuba ya shanye ruwa. Wuta ce kaɗai ke fitar da shi, jikin alawar kuma ƙwayoyin sukari ne suke gina shi da kansu lokacin da take hucewa. Idan ƙwayoyin sun fito ƙanana ƙwarai, har harshe ba ya iya bambance su, sai ki ji alawa mai laushi tana narkewa a baki. Idan sun fito manya, shi ne yashin da kika ji. Duk aikin faj, daga ɗora tukunya har yankawa, dabarar hana ƙwayoyin nan girma ne.

Botasikoc kuwa sunan ɗanɗano ne, wanda ake samu idan an dafa bota da jan sukari tare. Asalinsa alawa ce mai tauri ta garin Donkasta a arewacin Ingila, inda Samuel Parkinson ya fara sayar da ita a 1817, har aka ba Sarauniya Biktoriya kyautarta da ta ziyarci garin a 1851. Ita faj 'yar Amurka ce. An san ana sayar da ita a birnin Baltimo tun 1886, 'yan matan kwalejin Vassar suka yayata ta, yau kuma tsibirin Makina a jihar Mishigan ya yi suna da ita, inda ake juye ta a kan teburin marmara ana juyawa masu saye suna kallo. Mutane da yawa sun tambaye ni ko akwai giya a ciki saboda ƙarshen sunan ya yi kama da na wata barasa. Babu. Inda ya kamata ki lura shi ne ruwan banila na asali da ake shigowa da shi daga Amurka, domin dokarsu ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa kafin a kira shi na asali. Ki sayi banila ta gari, ko filebo da aka rubuta a jikinsa cewa babu shi.

Ga awon da nake amfani da shi, kuma ina roƙonki ki auna da sikeli, ki bar gwangwani da kofi, don jan sukari yana danƙarewa, kofi ɗaya yau ba lallai ya zama kofi ɗaya gobe ba. Jan sukari giram 300, farin sukari giram 150, madarar ruwa ta gwangwani marar sukari mililita 250, bota giram 100, ruwan gulukos (wani ruwan sukari mai kauri da danƙo kamar zuma) babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, banila ƙaramin cokali 1. Wannan zai cika tire mai faɗin santimita 18 zuwa 20 kowane gefe. Ki shimfiɗa masa takardar gashi ki shafa bota tun kafin ki kunna wuta, domin a ƙarshen aikin ba za ki sami ko minti ɗaya na neman tire ba.

Bota ta gaske nake nufi, ta madarar shanu. Majarin da ake shafa wa burodi man itace ne, wasunsu kuma ruwa ya yi musu yawa, ba za su ba ki ƙamshin da ake nema ba. Man shanunmu na Fulani idan ɗanye ne sabo, ba ya tsami, an wanke shi sosai, yana yi. Soyayye kuwa an riga an tace masa ɓurɓushin madarar da ke yin ja a wuta, ga ƙamshinsa mai ƙarfi da zai danne komai, don haka ba na ba da shawararsa.

Jan sukari farin sukari ne da baƙin ruwan rake mai kauri a jikinsa. Idan bai samu ba, mazarƙwaila tana iya shiga, kuma ni ɗanɗanonta ya fi yi min zurfi. Sai dai tana da hali. Ta farko, takan zo da ɓurɓushin rake da ɗan yashi na gaske, dole ki narka ta da ruwa kaɗan ki tace da rariya mai laushi. Ta biyu, tana da ɗan tsami da ke iya tsinka madara, kuma wani kaso na sukarinta irin wanda ba ya yin ƙwaya ne, idan ta yi yawa alawar ba za ta tsaya ba. Don haka kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku: mazarƙwaila giram 150, farin sukari giram 300, ki ɗan barbaɗa bekin soda abin da yatsu biyu za su tsinta don kashe tsamin.

Ruwan gulukos ɗin nan da wasu ke tsallakewa yana da babban aiki. Shi ke shiga tsakanin ƙwayoyin sukari ya hana su haɗuwa su yi girma. A shagunan kayan kek ake samunsa. Idan babu, zuma ƙaramin cokali biyu za ta taimaka, amma kada ki ƙara, don zuma tana jawo danshi, alawar za ta yi ta naso.

To mu ɗora tukunya. Ki nemi mai kaurin gindi, mai zurfi, wadda kayan ba za su wuce kashi ɗaya cikin uku nata ba, saboda madara da sukari suna bori sosai. 'Yar tukunyar dalma marar kauri za ta kama tun kafin sukarin ya nuna, kuma ƙaurin madara ba ya da magani. Ki narka botar a wuta kaɗan, ki zuba jan sukarin da gishirin, ki yi ta juyawa minti uku zuwa huɗu. Da farko za ki ga kamar jiƙaƙƙen yashi, mai yana gefe, sukari yana gefe. Can sai su fara haɗuwa, gefen tukunyar ya fara ɗan kumfa, wani ƙamshi ya taso kamar na gasasshiyar gyaɗa da madara. Wannan ƙamshin shi ne botasikoc. Masu zuba komai lokaci ɗaya suna samun alawa mai zaƙi, amma ba sa samun wannan. Ki tsaya a kai, don tsakanin ƙamshi da ƙauri tazarar kaɗan ce.

Sai ki sauke tukunyar, ki zuba madarar a hankali, kina janye fuska saboda tururi. Sukarin zai iya dunƙulewa, kada ya dame ki, zai narke. Ki zuba farin sukarin da gulukos, ki mayar kan wuta ƙasa-ƙasa. A nan ne nake zargin alawarki ta biyu ta fara lalacewa. Ba a barin ta ta tafasa sai kowace ƙwayar sukari ta narke. Ki ɗebo kaɗan a bayan cokali, ki bari ya sha iska, ki murza tsakanin yatsu. Idan kin ji ko ɗan ƙaiƙayi, da saura. Wannan yakan ɗauki minti takwas zuwa goma, kuma ban san wata hanyar gajarce shi ba face tsayuwa. Sannan ki dubi bangon tukunyar, za ki ga ƙwayoyin sukari sun manne a sama. Ki jiƙa buroshin kek ko tsumma mai tsabta ki goge su, ko ki rufe tukunyar minti biyu tururi ya wanke su. Dalili shi ne ƙwaya ɗaya tak da ba ta narke ba, idan ta faɗa ciki daga baya, ita ce za ta zama uwa, sauran narkakken sukarin ya taru a jikinta. Haka nan cokalin da kika fara juyi da shi, ki wanke shi kafin ki sake tsoma shi.

Yanzu ki ƙara wuta zuwa matsakaiciya ta tafasa. Tunda akwai madara, dole ki riƙa jan cokalin katako a gindin tukunyar a hankali don kada ta kama, amma ja kawai, ban da bugawa, ban da kankare bango. Za ki ga kumfar farko manya ce mai ruwa-ruwa tana hawa sama. Bayan minti goma zuwa sha biyar sai ta sauka, ta yi kauri, ƙwan kumfar yana fashewa a hankali yana "ful, ful" kamar talgen tuwo da ya kusa. Launin kuma yana ƙara duhu, saboda haɗuwar sukari da furotin na madara a wuta, abin da masanin kimiyyar Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Daga nan idonki kada ya bar tukunya.

Abin da ake nema shi ne ruwan ya ƙone har sukari ya zama kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ke tukunyar. Littattafan girki suna cewa hakan na faruwa tsakanin digiri 112 da 116. Gaskiya ne, amma a bakin teku, inda ruwa ke tafasa a digiri 100. Ke kuwa a Jos kike, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri 1, don haka a garinku ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96. Ma'ana, lokacin da ma'auninki ya nuna 116, alawar ta yi dahuwar da a Legas za a karanta 120. Ta wuce gona da iri, ruwan da zai ba ta laushi ya ƙone, shi ya sa ta yi tauri tana marmashewa. Ma'aunin bai yi miki ƙarya ba, lissafin ne ba na garinku ba. Maganin mai sauƙi ne: duk ranar da za ki yi, ki fara tafasa ruwa zalla ki tsoma ma'aunin, ki ga nawa ya nuna, ki ƙara 14 a kai. Idan ya nuna 96, ki sauke alawarki a 110. Wadda ke Kano za ta ga 98 da ɗoriya, ta sauke a wajen 112. Wannan gwajin yana kuma tona asirin ma'aunin da ya lalace. Ki kula kada bakinsa ya taɓa gindin tukunya, don ƙarfen ya fi alawar zafi.

Ni dai ko da ma'auni a hannuna sai na yi gwajin ruwa, don shi babu ruwansa da tudu ko kwari. Ki ajiye kofi da ruwan sanyi, na randa ma ya isa. Ki sauke tukunyar daga wuta tukuna, domin kina gwaji tana ci gaba da dahuwa. Ki ɗiga rabin ƙaramin cokali a ruwan, ki ƙirga goma, ki sa yatsu ki tattaro. Idan ya baje ya ɓata ruwan, da saura, wannan ita ce alawarki ta farko. Idan ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo, kika ɗago shi ya tsaya, amma da kin ɗora shi a tafin hannu ya fara kwanciya, kin matsa ya baje kamar danƙon cingam da aka tauna, to ta yi. Idan ƙwallon ya yi ƙarfi har sai kin sa ƙarfi kafin ya lotsa, ta wuce, ki zuba madara babban cokali biyu ki mayar wuta ki sake gwadawa. Kowane gwaji da sabon ruwa.

Ina so ki ji wannan da kyau: narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana mannewa a fata. Akwai tabo a wuyan hannuna na dama da ya fi shekara goma, ɗigo ɗaya ne ya fallatso lokacin da na juya zan amsa kiran yaro. Ki fitar da yara daga kicin, kada ki yi wannan aiki da goyo, ki ɗaure bakin mayafi. Idan ya zubo wa mutum, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20, ban da man goge baki, ban da manja.

Sai mataki na gaba, wanda a ganina shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne ba a yin komai a cikinsa. Ki sauke tukunyar, ki ajiye ta inda ba wanda zai taɓa, ki ɗiga banilar a sama ba tare da kin juya ba, ki bar ta. Kada ki juya, kada ki girgiza, kada ki ɗanɗana. Hannun da ya saba tuwon madara zai yi ta ƙaiƙayi, don can da zafi-zafi ake tuƙi. A nan kuwa idan kika juya tana da zafi, ƙwayoyi kaɗan ne za su fara fitowa, kuma tunda ruwan bai yi kauri ba, sukari yana yawo cikin sauƙi yana taruwa a kansu, su yi girma. Idan kika bari ta huce ta yi kauri, sannan kika buga, ƙwayoyi ne marasa adadi za su fito lokaci guda, babu wadda za ta sami sararin girma. Laushin faj ke nan gaba ɗaya. Zan iya cewa kin juya ta biyun nan tun tana tururi.

Ana jira har ta sauko digiri 43 zuwa 45, wato lokacin da za ki iya ɗora tafin hannu a gindin tukunyar ki bar shi ba tare da kin janye ba. A sanyin Jos minti talatin zuwa arba'in ya isa. 'Yan'uwanmu na Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da iskar kanta ke haura digiri 40, sai su zaunar da tukunyar a hankali cikin baho mai ruwan sanyi, ko su yi aikin da asuba. Firji kam a'a, gefe zai daskare tsakiya na da zafi.

Da ta huce, ki ɗauki muciya ko ƙaƙƙarfan cokalin katako ki tuƙa. Da nauyi, ba zan ɓoye miki ba, ki sami mai riƙe miki tukunya ko ku yi karɓa-karɓa. Da farko tana sheƙi kamar an shafa mata mai, launinta duhu, tana bin muciya tana zare. Minti biyar zuwa goma sai ki ga sheƙin ya fara dusashewa, launin ya yi haske kamar shayin da aka cika wa madara, sawun muciya ya daina rufewa, har sautin ya canza ya koma ɗan "ƙwas, ƙwas". A wannan daƙiƙar ake zuba soyayyiyar gyaɗa ko yazawa in ana so, a juye a tire. Kada ki ce bari in ƙara tuƙi biyu. Na taɓa yin haka a aikin wani biki, tukunya guda ta daskare min da muciyar a tsaye a ciki. Ki danna saman da bayan cokali, kada ki kankaro busasshen da ya manne a bango ki haɗa, ki bar wa yara shi. Bayan minti ashirin ki ja layi da wuƙa, bayan awa biyu zuwa uku ki yanka.

Wadda ta lalace ba a zubarwa. Ko ta ƙi daskarewa, ko ta yi yashi, ko ta yi tauri, ki farfasa ta a tukunya, ki zuba ruwa kamar rabin kofi, ki narka a wuta kaɗan har ƙwayoyin su ɓace, ki sake bin matakan daga tafasa. Za ta ɗan ƙara duhu, ɗanɗanon ma yakan ƙara daɗi. Wadda ta yi ƙauri ce kaɗai ba ta gyaruwa.

Damina tana da tata matsalar, don sukari yana shan danshin iska. Ranar da ake ruwa ki ƙara digiri 1 a kan inda kika saba saukewa, kuma kada ki bar ta a buɗe ta kwana. Da hunturu akasin haka ne, iska ke busar da ita ta tsattsage. A kowane hali mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, da takarda tsakanin jeri da jeri. Tana yin mako ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi, a firiza kuma har wata uku idan an naɗe ta da kyau.

Za ki ci karo da wata hanya ta gaggawa da ake yawan nunawa, inda ake narka ƙwayoyin botasikoc na leda, wato 'yan ƙananan dunƙulen alawa da ake sayarwa a shirye, kamar giram 500 da gwangwanin madara mai kauri mai sukari na giram 397, a juye a tire a sa a firji. Tana daskarewa, ba ta yashi, kuma don bikin yara ba laifi. Amma ƙwayoyin nan yawanci sukari ne da man kwakwar manja da filebo, man ne ke riƙe alawar, da ta ji zafin rana sai ta saki jiki, ga wani maiƙo da take bari a dasashi. Wasu kuma suna sa mashmalo, wata alawa mai laushi kamar soso, wanda galibi da jelatin (sinadarin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi) ake yin sa, jelatin ɗin kuma sau da yawa na alade ne, sai kin karanta jikin ledar da kyau. In kina da niyyar sayarwa, ki koyi ta tukunya.

Shawarata a gwaji na huɗu ki yi rabin awon nan kawai, a ƙaramar tukunya mai kauri, da safe kafin gida ya cika da hayaniya. Ki fara tafasa ruwa ki rubuta abin da ma'aunin ya nuna, ki rubuta inda kika sauke, da mintin da ta yi tana hucewa, da mintin da kika yi kina tuƙi. Ki aiko min da lambobin nan huɗu da hoton yankan, in sha Allahu zan gaya miki ko akwai abin da ya rage a gyara.